Labaran bayan rushewar duniya: me ya sa farkonsu zuma, tsakiyarsu ruwa?

Ɗan_441
Salamu alaikum jama'ar gida. Wata uku ke nan ina fama da irin labaran nan na bayan rushewar duniya, littafi da fim duka. Annoba ta share mutane, ko yaƙi ya cinye birane, 'yan tsirarun da suka rage suna neman ruwa da abinci, suna gudun juna. Farkon kowanne sai ya kama ni kamar kaska, ba na iya ajiye waya har a kira asalatu. Amma da an kai tsakiya sai gishirin ya gudu. An samu mafaka, wani azzalumi ya zo da yaransa, an yi faɗa, an gudu, an sake samun wata mafaka, ga wani azzalumin kuma. Abin da ya sa na damu, ni ma na fara rubuta nawa, a nan unguwar Nima ta Accra na kafa shi, na yi babi huɗu na maƙale. Shin irin labarin ne ba ya da nisan zango, ko marubutan ne ba su iya ba?

Zee_Fadama
Wa alaikumus salam. Ni dai na san abin da ke riƙe mutum. A labarin soyayya kana kallon wasu ne, a wannan kuwa kai ake yi wa jarrabawa. Tun shafin farko kana tambayar kanka, da ni ce yaya zan yi? Ran nan bayan na gama kallon wani, na tsinci kaina ina ƙirga buhunan piya wata da ke ɗakinmu. Biyu da rabi ne, mu kuma mu takwas.

Yaron_Aboabo
Biyu da rabi? Chale, ku a babi na ɗaya za a yi muku sallah.

Zee_Fadama
Allah Ya kiyaye, bakinka ya sari ɗanyen kashi.

Ticha_Madina
Ƙanena Ɗan_441, tambayarka biyu ce a cikin ɗaya, bari in raba su.

Ƙarfin irin labarin nan shi ne abin da Bahaushe ya riga ya faɗa, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Marubuci ya kwashe ɗan sanda, ya kwashe albashi, ya kwashe kunyar idon jama'a, sai ya ce to yanzu mu ga halinka. Kuma yana mayar wa ƙananan abubuwa darajarsu. A cikin The Road na Cormac McCarthy, wanda ya fito a 2006, akwai wurin da uban ya tsinci gwangwanin Coca-Cola guda ɗaya a wani kantin da aka wawashe, ya miƙa wa ɗansa da bai taɓa ɗanɗana ba, yaron ya kurɓa ya ce uban ma ya sha. Na karanta wurin nan a cikin trotro tsakanin Madina da Circle, sai da na juya fuska wajen taga. Babu harbi, babu gudu, gwangwani ɗaya ne kawai. Marubucin bai ma faɗa mana abin da ya halaka duniyar ba, bai ba uban da ɗan suna ba, kuma littafin bai kai shafi 300 ba.

A nan raunin yake ɓoye. Makon farko na masifa cike yake da tambayoyi. Me ya faru? Ina uwata? Wace hanya ce a buɗe? Da an amsa waɗannan, saura tambaya ɗaya tak, za su rayu ko ba za su rayu ba. Tambaya ɗaya ba ta ɗaukar doguwar tafiya. Marubuci mai wayo yakan gajarta, ko ya sauya tambayar ta koma yaya za su zauna da juna. Wanda ba shi da wayo, ko wanda kamfani ke biya don ya ja, sai ya dinga ƙara gawa. The Walking Dead an fara shi a 2010, ba a rufe ba sai 2022, zango 11. Wane labarin gudu ne zai yi shekara 12 bai maimaita kansa ba?

Yaron_Aboabo
Ticha ni fa na kalle shi har ƙarshe kuma ban yi nadama ba. Ba lacca na zo ji ba. Na dawo daga Kejetia a gajiye, ina son abin da zai sa zuciyata dukan tara-tara na awa ɗaya in yi barci. Ku bar mu da zombi ɗinmu.

Bakanike_Suame
Ni abin da ke kashe mini labarin tun kafin a je ko'ina shi ne mota. Shekara 21 ina cikin Suame Magazine, unguwar bakanikai ta Kumasi, na san abin da ajiya ke yi wa inji. A fim sai ka ga an ce shekara biyar da rushewar duniya, jarumi ya tarar da mota a gefen hanya, ya haɗa waya biyu, ta tashi tar. Ƙarya ce. Fetur ba ya jimirin ajiya, cikin watanni yake fara lalacewa, mai sauƙin ya tashi ya bar wani abu kamar danƙo yana toshe kafireta da inja. Batir kuwa in an bar shi wata kaɗan ba a taɓa ba ya kwanta. Tayoyi su tsage, ɓera ya ci wayoyi, birki ya kama. A makon jiya aka jawo mini wata da mai ita ya yi tafiya shekara biyu ya bari a gareji, da na buɗe tanki warin tsohon fenti ne ya buge ni, kwana uku muka yi kafin ta yi tari.

Kuma abin mamaki, ba ka ganin keke. Keke! Ba ya shan mai, ba ya ƙara, yaro ma zai gyara shi. Mutumin Tamale da kekensa ya fi duk jaruman nan damar tsira. Amma keke ba ya yi wa jarumi kyau a hoto, shi ya sa.

Ɗan_441
Yaya Bakanike ka gama da ni. A babi na uku jarumina ya saci babbar mota a bakin titin Kanda bayan shekara uku.

Bakanike_Suame
Sauke shi ka ba shi keke, ko amalanke.

Nas_Rabi
Na Bakanike mai sauƙi ne. Ni nawa ciwon shi ne yadda mutane ke mutuwa a labaran nan. Kullum harsashi ne, ko cizo, ko adda. A zahiri in famfo ya tsaya, gudawa ce za ta fara ɗiban mutane, yara a gaba. Ba sai mun je nesa ba, kwalarar 2014 ta kama fiye da mutum 28,000 a ƙasar nan ta Ghana, ta kashe fiye da 200, mafi yawa a nan Accra, alhali asibitoci na aiki, gwamnati na tsaye. To ku ƙiyasta babu ko ɗaya. Ga mai ciwon suga da allurarsa ke son sanyi, ga mai sikila, ga mai naƙuda da jini ya ɓalle mata, ga tsohon ƙusa da mutum zai taka ya zama sanadi. Ban taɓa ganin jarumi yana tafasa ruwa ya tsaya ya jira ya huce ba. Daga kwata yake sha ya miƙe ya ci gaba da gudu.

Ɗan_441, in kana son abin da zai sa mai karatu riƙe numfashi, ga shi kyauta. Uwa ce da yaro mai gudawa cikin dare, ta san haɗin: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Tana da gishiri, tana da ruwa, sukarin kuwa yana ɗakin kishiyarta da suka shekara ba sa magana. Rubuta wannan ka gani ko wani zai tambaye ka ina bindiga.

Zee_Fadama
Anti Rabi ke ya kamata ki rubuta littafin wallahi.

Hajiya_MaiKoko
'Ya'yana, jikata ce ke karanta mini abin da kuke rubutawa, ita ce kuma ke buga nawa. Ni ban san littattafan nan ba, amma na ga 1983 da idona, ina da goyo a Maamobi. Ruwan sama ya ƙi, wutar daji ta cinye gonaki har da na koko, ga 'yan uwanmu da aka koro daga Najeriya, wajen miliyan guda, suna sauka a Tema ana kai su filin Trade Fair, kowa da jakarsa. Mutane suka rame har ƙashin wuya ya fito, ana ce masa sarƙar Rawlings, shugaban ƙasa na lokacin. Dokunu ɗanye ake layi a saya, ba a jira mai shi ta dafa, don in ka jira wani zai riga ka. Masarar agaji mai launin ɗorawa da muke raina wa da farko, daga baya har rububinta muke yi.

A gidan hayarmu ɗaki 11 ne. Akwai Bazabarma, akwai Bamoshe, akwai 'yan Kotokoli, akwai wata Fante mai zuwa coci. Da abin ya yi tsanani, tsohuwar gidan ta ce a daina hura wuta 11, gawayi ma ya zama abin nema. Tukunya ɗaya aka koma ɗorawa da yamma, kowa ya kawo abin da ya samu, mai gari ya kawo gari, mai kuka ya kawo kuka, wanda bai samu komai ba ya ɗebo ruwa. Yara ake fara zuba wa, sai masu shayarwa, maza a ƙarshe. Ba na cewa babu gunaguni. Akwai wadda muka san tana ɓoye sukari a cikin akwatin kayan aurenta, kowa ya sani, ba wanda ya tanka, amma ranar da ɗanta ya kwanta ita da kanta ta fito da shi.

Jikata ta ce a fim ɗinku maƙwabci ke fara kashe maƙwabci. To mu dai ba mu ga haka ba.

Ticha_Madina
Allah Ya ƙara lafiya Hajiya. Wannan ya fi duk abin da na rubuta a sama.

Mai_Shakka
Hajiya, da girmanki, amma bari in kawo ɗaya gefen. A shekarun nan ne fa kalabule ya yi ƙamari, masu kaya suna ɓoyewa sai farashi ya ninka. Tun 1979 sojoji suka rusa kasuwar Makola a kan zargin ɓoye kaya. Wato wani yana haɗa tukunya, wani yana kulle sito. Kuma ba sai mun koma can ba. Da aka sanar da kulle na korona a ƙarshen Maris 2020, kafin ranar 30 ga wata da dokar ta fara, kun ga yadda farashin gari ya yi tsalle cikin kwana biyu. Mako uku kacal aka yi, kuma kowa ya san za a buɗe. Labaran nan suna magana ne kan ranar da kowa ya san ba za a buɗe ba har abada. Mutumin da ya san gobe akwai hukuma, akwai idon unguwa, daban yake da wanda ya san babu. Ni ina ganin marubutan sun fi mu gaskiya, mu ne muke son yabon kanmu.

Hajiya_MaiKoko
Ɗana, a lokacin mu ma ba mu san za a buɗe ba.

Ticha_Madina
Mai_Shakka, maganarka tana da ƙafa, amma ga wani abu. A 1954 William Golding ya fitar da Lord of the Flies, yara 'yan makaranta sun maƙale a tsibiri, suka koma farautar juna. Duniya ta karɓa a kan haka ɗan Adam yake. Sai a 1965 abin ya faru da gaske. Yara shida 'yan ƙasar Tonga suka ɗauki kwalekwale, guguwa ta kai su wani tsibiri da ba kowa mai suna Ata, suka yi wata 15 kafin wani jirgin ruwa ya gan su a 1966. Sun raba aiki, sun yi lambu, sun riƙe wuta ba ta mutu ba, ɗaya ya karye a ƙafa suka ɗaure masa har ya warke. Ƙagaggen ya zama littafin makaranta a ƙasashe da yawa, na gasken kuwa sai da aka yi shekara da shekaru kafin yawancin mutane su ji shi. Dalili a fili yake, zaman lafiya ba ya sayuwa. Marubucin labarin tsoro yana buƙatar mugu kamar yadda mai waakye ke buƙatar shito.

Mai_Shakka
Yara shida abokan juna ne Ticha. Ka zuba mutum dubu ɗari biyu a wuri ɗaya da rijiya uku mu gani.

Malam_Sabonzango
Salamu alaikum. Gyara ɗaya nake so in yi, don na ga wasu suna kiran abin nan labarin tashin duniya. Ranar da aka busa ƙaho babu wanda zai rage yana tura amalanke. Abin da kuke magana a kai halakar al'umma ce, wannan kuwa Alƙur'ani cike yake da ita, kuma ina mamakin yadda matasanmu ke zuwa Amurka aron abin da ke gidansu. Annabi Nuhu da jirgi. Annabi Yusuf da shekara bakwai na yalwa da bakwai na fari, har da dabarar ajiya, a bar hatsi a zangarniyarsa. Ashabul Kahfi sun farka bayan shekara 309, suka aiki ɗaya cikin gari da kuɗin azurfarsu ya sayo abinci, suka ce ya yi a hankali kada a gane su. Duba wannan da kyau, mutum ya shiga garinsu da kuɗin da ba a karɓa, gari ya sauya, ba ya gane kowa. Wane fim ne ya fi wannan?

Abin da nake ƙi a yawancin na Turawa shi ne, da zarar abu ya lalace sai a nuna addini ko dai ya ɓace, ko ya koma hannun wani mahaukaci mai yanka mutane. Alhali duk wanda ya ga musiba a unguwannin nan ya san inda ake fara gudu. Daren 3 ga Yuni 2015, da ruwa da wuta suka haɗu a Circle aka rasa mutum wajen 150, masallatai da coci-coci ne suka kwana a buɗe. Kuma akwai hadisi sananne, in Sa'a ta tsaya alhali ɗayanku yana riƙe da dashen dabino, in zai iya dasawa ya dasa.

Yaron_Aboabo
Malam, kakana ma Ashabul Kahfi ne. Bayan ya rasu muka tarar da tsofaffin sidi na kafin canjin 2007 cike da gwangwanin Milo a ƙarƙashin gado. Lissafin miliyoyi, ko ƙosai ba za su saya ba.

Malam_Sabonzango
Allah Ya jiƙansa. Ka ga kuwa babi guda ke nan.

Jikan_Salaga
Na daɗe ina karatu ban sa baki ba. Ɗan_441, kai ɗan zango ne, ka san cewa mu kanmu jikokin waɗanda duniyarsu ta rushe ne? A da Salaga ita ce babbar kasuwar goro, ayarin Kano da Sakkwato a can suke sauka. Yaƙin basasar 1892 ya watsa garin, fatake da malamai suka bazu, wasu Kete Krachi, wasu Yeji, wasu Kintampo, wasu har bakin teku. Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano da ya rasu a Krachi a 1934, yana cikin waɗanda suka bar Salaga, kuma ya rayu har ya ga annobar murar 1918 ya yi mata waƙa. Ita Krachin da suka gina, tsohon garin yana ƙarƙashin tafkin Volta yau, domin da aka datse ruwa a Akosombo mutum wajen 80,000 aka tasa daga garuruwansu. Sai kuma Nuwamba 1969, gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa. Kakata ta ce a layinsu gida bakwai aka wayi gari babu kowa, tukwane a kan murhu, awaki suna yawo ba mai su. Wanda aka haifa a nan, bai taɓa ganin Kano ba, aka ɗora shi a mota aka ce ya koma gida.

Abin da nake nufi, ga Bature rushewar duniya abu ne da yake tsoron zai zo. Shi ya sa hotonsa kullum babban titi ne da motoci a tsaye, da kanti da aka kwashe. Mu kuwa ta zo ta wuce sau da yawa, kuma abin da ya biyo baya ba mutum ɗaya da bindiga ba ne. Ayari ne, da madugu, da mai masauki, da sarkin zango da ke raba fili. Kalmar zango kanta ma'anarta ke nan, inda matafiya suka yada kaya.

Ɗan_441
Kai. Yaya, wannan ya sa na ji kunyar abin da na rubuta. Bari in tona wa kaina asiri. Jarumina tsohon soja ne, ba ya magana da kowa, matarsa ta mutu, yana zaune a saman wani bene kusa da babbar gota da bindiga da kare. Sai ya tsinci wata yarinya marainiya.

Zee_Fadama
Hhhh yarinya kuma ita ce maganin annobar ko?

Ɗan_441
Wa ya faɗa miki?

Zee_Fadama
Babu wanda ya faɗa mini, na gan shi sau goma. Kuma a Nima wa zai bar ka ka zauna kai kaɗai a saman bene? Kafin azahar tsofaffi uku sun hau sun tambaye ka ɗan gidan wane ne kai.

Wani abin da ke ba ni haushi shi ne mata. Ko dai ana ceto su, ko an mayar da su soja mai ɗamara kamar namiji. Babu wadda ta san yadda ake shanya kuɓewa, ko yin daddawa, ko ajiye kifi ya yi wata shida. Alhali ranar da firij ya mutu, wannan ilimin ne sarauta. Littafi ɗaya da na ga ya kama hanya shi ne Parable of the Sower na Octavia Butler, na 1993. Yarinya ce baƙar fata 'yar shekara goma sha, a wata unguwa mai katanga kusa da Los Angeles, ta daɗe tana haɗa jakar gudu har da irin shuka a ciki, kuma da aka ƙone unguwar, tafiyar da ta yi arewa tana tara mutane ne a hanya, ba rage su take yi ba. Abin ban tsoro, a shekarar 2024 labarin ya fara.

In kana neman jaruma, ka tuna 'yan kayaye, matan nan masu dako a kasuwa, da aka kama a Ejisu lokacin kulle, sun ɓuya a bayan motar kaya suna son komawa arewa. Wannan ita ce tafiyar tsira ta gaske, kuma a kan hanyar Kumasi aka yi ta.

Alhajin_Albasa
Ku yi haƙuri, ni ɗan kasuwa ne ba mai karatu ba, amma kuna ta maganar annoba da bam. Ba a buƙatar ko ɗaya. Ku tsayar da manyan motoci na mako biyu kawai. Albasar da ake ci a Accra yawancinta daga Nijar take, tumatir daga Burkina, shanu daga arewa. Bayan juyin mulkin Nijar a Yulin 2023 da aka rufe iyakar Benin, motocinmu suka tsaya a boda albasa tana ruɓewa a cikin buhu, a kasuwar albasa ta Adjen Kotoku kuwa farashi ya haukace. Birnin nan ba ya noma abin da yake ci. Ranar 14 ga Maris 2024 ma da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke, ina da kuɗi a waya, ga direba a gabana yana jiran kuɗin mai, muna kallon juna kamar kurame.

Yaron_Aboabo
Alhaji tunda ka zo, nawa buhu yanzu? Hajiyarmu ta ce masu waakye sun fara ƙirga albasa da yanka.

Alhajin_Albasa
Ka biyo ni ta akwati, ba a faɗin farashi a taro.

Bakanike_Suame
Su ma manyan motocin gas suke sha, shi ma in ya daɗe ruwa ke taruwa a tanki ya yi datti. Na dai faɗa, keke.

Admin_Zaure
Jama'a a dawo kan littafin yaron nan, maganar albasa a kai ta zauren kasuwa.

Mai_Shakka
To na dawo. Ina tsoron kun tura shi ɗaya ramin. In ya rubuta Nima da kowa ke raba tuwo, kowa na kirki ne, Malam na wa'azi, Hajiya na dama koko, wa zai karanta? Ya tambayi labari mai sa gaba faɗuwa ne, ba tarihin zumunci ba. Yaron_Aboabo ya faɗi gaskiya tun farko, mutane suna son tsoro. Ko labarin Hajiya, wurin da ya fi kama ni shi ne matar da ta ɓoye sukari.

Ticha_Madina
A nan kam mun haɗu. Ba cewa muke a cire mugunta ba, a daina shigo da ita daga waje da babura da fentin fuska. A bar ta a cikin gida. Ka ɗauki ruwa. Accra daga Weija da Kpong take sha, wuta ta tafi, famfo ya tsaya. A unguwa akwai rijiyar burtsatse guda a harabar masallaci, mai aiki da hasken rana. Mabuɗin yana hannun ladan. Jarkokin ruwa da muke kira galan ɗin Kufuor sun yi layi tun daga ƙofa har bakin titi. Ruwan zai ishi layi uku, ba zai ishi goma ba. Yanzu wa zai sha? 'Yan unguwa kawai? To matar da aka auro daga Maamobi fa, da iyayenta da suka biyo ta? Kiristan da ya shekara 30 yana haya a gidan liman fa? Matasan da ke gadin layi da dare suka ce a ba su galan biyu-biyu ladan aiki, in an hana su fa? Babu azzalumi ko ɗaya a nan, kowa yana da hujja, kuma kowace safiya sai an sake yanke hukunci. Irin wannan tambayar ba ta ƙarewa a babi na huɗu.

Nas_Rabi
Sannan a babi na shida a gano ruwan rijiyar ne ke sa yara gudawa, saboda masai ya cika yana tsiyaya. Wanda ya gano kuma shi ne mutumin da aka hana ruwa jiya, ba wanda zai yarda da shi.

Mai_Shakka
Yanzu kuka fara magana. Amma ladan zai sayar da ruwan nan a ɓoye, ku rubuta ku ajiye.

Malam_Sabonzango
Me ya sa sai ladan? A ba shugaban matasa mabuɗin mana.

Mai_Shakka
Malam shi wannan ai tun ranar farko zai sayar, babu labari a ciki.

Ɗan_441
Na gode ƙwarai jama'a. Na goge sojan, na bar karen don ina son sa. Amma har yanzu ban san amsar tambayata ta farko ba. Ticha ya ce tambaya ɗaya ce ke kashe labarin, Jikan_Salaga ya ce aron ido ne, Yaron_Aboabo ya ce babu abin da ya mutu. Kuma in gaskiya zan faɗa, daren jiya bayan duk wannan hirar, wani fim ɗin zombi na sake kunnawa, na kuma ji daɗinsa.

Yaron_Aboabo
Yawwa ɗan gari. Turo mini sunansa.

Hajiya_MaiKoko
Ɗana mai littafi, in kana son sauran labarin 83 ka zo bayan sallar asuba kafin layi ya yi tsawo, jikata za ta kwatanta maka wurin. Akwai na mutumin da ya dawo daga Agege da rediyo babba a kai, babu ko takalmi, ya sayar da ita a kan mudu huɗu na masara. Shi da wanda ya saya, har yau jikokinsu ba sa gaisawa. Ka taho da kofinka, roba ta yi tsada.

Bakanike_Suame
Karen me zai ci?